Hodar Fara da Murhun Surukina

Shekarun baya, can lokacin da Turawa suka fara naɗe tabarmarsu amma ba su kai ga tafiya ba, ni ne ƙaramin malamin gona a Kontagora. Da kun gan ni a lokacin da kun sha dariya. Gajeren wandon kaki, doguwar safa har gwiwa, keke mai ƙararrawa, ga fensir a bayan kunne ko da babu abin da zan rubuta. Ban daɗe da fitowa daga makarantar aikin gona ba, ji nake ko dawa ba ta isa ta fid da kai ba sai ta nemi izinina.

Cikin abin da aka damƙa mini har da makullin wani sito a bayan gari. A cikinsa akwai buhunan wata farar hoda da aka kawo tun kafin in kama aiki, lokacin da ake tsoron fara za ta dawo ta cinye gonaki. Allah bai kawo farar ba. Hodar ta yi ta zama shekara da shekaru, ta sha danshi, ta dunƙule, buhunan suka fara ruɓewa daga ƙasa. In ka buɗe ƙofar wani wari ne zai tare ka, irin na ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, ya maƙale maka a maƙogwaro har yamma.

To matsalar hodar nan guda ce: tana aiki. Wani lebura da ya taɓa share siton ya ƙulle 'yar kaɗan a gefen riga ya kai gida, matarsa ta barbaɗa a wakenta, shekara ta zagayo ba a ga ƙwaro ko ɗaya ba. Kun san mu da labari. Kafin ka ce kwabo duk matan gari sun san hodar fara, kuma sun san a hannun wa makullin yake. Mutanen da ban taɓa sani ba suka fara gaishe ni a kasuwa, har da masu tambayar lafiyar kekena.

Ni kuwa na ga abin da ba su gani ba. A daminar da ta gabata an kira mu wani ƙauye ta hanyar Beri, wai iskoki sun sauka a wani gida. Muka tarar da mutanen gidan a kwance, manya da yara, suna shure-shure, kumfa na fita daga bakinsu kamar masu farfaɗiya. Ba wasu iskoki. Waken da suka ci an ajiye shi ne da hodar nan, maigidan ya samo ta daga wani gari. Manyan sun tashi. Yarinya guda ba ta tashi ba, kuma ina tsaye aka ɗauke ta a tabarma. Tun daga ranar, in na ga farin gari a kan wake sai gabana ya faɗi.

Kaka ta gabato, wake ya fara bushewa a gona. Na san muddin hodar nan tana duniya, hanyarta ɗaya ce, cikin rumbunan garinmu. Rumbun farko kuwa na gidanmu ne, don mahaifiyata ita ce shugabar masu nema.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Wata safiya ina ɗaure safa ta tsaya a kaina da ƙwarya a hannu.

"Kai malamin gona, an ce za ku zubar da maganin nan."

Na ce, "Inna, ba magani ba ne, guba ce."

Ta ce, "Gubar ƙwaro ba. Ni ƙwaro ce?"

Na sake ba ta labarin gidan hanyar Beri, wanda ta riga ta ji har ta haddace. Ta ce waɗancan yawa suka zuba, ita kuwa ta san kima, tun kafin a haife ni take zuba gishiri a miya ba ta taɓa zarcewa ba. Bara rabin wakenta ƙwari suka mayar gari, ta yi kuka da hawayenta, ga shi Allah ya kawo sauƙi har cikin gidanta, ɗan da ta haifa ya zauna a kai.

"Almubazzaranci ne wannan, kuma ka je ka tambayi malamai. Abu mai amfani a ce a zubar? Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Ban dai san me Baturenka ya yi maka alkawari ba."

Maganar ta yi mini zafi, wallahi. Na hau kekena ban ko sha koko ba.

Baturen gona da nake ƙarƙashinsa mutum ne dogo, mai jan wuya, yana jin Hausa amma sai ya tauna ta kafin ya furta. Ba mugu ba ne. Shi ma so yake hodar ta ɓace, sai dai ta yaya? Zubawa a kogi ba ta ma taso ba, nan gari ke sha, nan Fulani ke shayar da shanu, nan Kambari ke su da rani. Muka gwada ƙona kaɗan da itace a fili, can nesa da gidaje. Ina! Wani farin hayaƙi ya tashi, muka watse muna tari, idanu na ruwa. Da wutar ta mutu muka koma, tokar tana nan da warinta, ganyen da hayaƙin ya bi ta kansa ya yi fari. Wato ba mu kashe ta ba, fiffike muka yi mata.

Bature ya share ido da hankici ya ce, "Malam, wannan abu haɗa shi aka yi, kuma abin da aka haɗa wuta tana iya warware shi. Amma ba wutar itace ba. A ƙasarmu akwai tanderu mai zafin da ke narka ƙarfe, a nan babu. Sai dai mu binne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai haƙa ramin?"

Ya ce lebura mana.

Na ce, "Leburan nan kowannensu yana da mata, kowace mace tana da wake. Naman da duba-gari ya hana sayarwa ma, in bai zuba masa kananzir ba kafin ya binne, ba ya kwana a rami. Balle abin da Bature da kansa ya tsaya aka binne. Ai cewa za a yi don yana da daraja ne aka ɓoye."

Ya san gaskiya na faɗa. Daga ƙarshe ya ce zai tafi rangadi, in ya dawo ban samo wata dabara ba, rami za a haƙa, don buhunan ba za su ƙara ganin wata damina ba.

Maganarsa guda ce ta bi ni gida: zafin da ke narka ƙarfe. Ya ce a nan babu. Ni kuwa na san akwai, kuma na san mai shi, sai dai na gwammace a ce in je in kamo kura da hannu. Surukina ne, mahaifin matata.

Tsohon maƙeri ne, asalinsu Kambari, tun kakanninsa suke narka tama su fid da ƙarfe a duwatsun da ke kewaye da mu. Ya daina tun da motoci suka yawaita, kowa ya koma ƙera fartanya da karyayyen sifirin mota. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya dube ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana yaro. Tun da na auri 'yarsa, abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi in gudu ba. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Yaya za a yi in buɗe baki in roƙe shi abu?

Matata ce ta cece ni. Tana goye da 'yarmu ta fari, wadda ta fara rarrafe a lokacin, ta saurare ni har na gama zuba, ta ce, "Malam, duk wannan gumin saboda Baba ne? Tashi mu je. Kai ka faɗa mini, ni in faɗa masa."

Haka kuwa aka yi, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Yana zaune a maƙerarsa, ina tsugune a bayan zana, tsakaninmu bai fi a miƙa hannu ba. Matata ta tsaya a bakin zanar. In yi magana, yana ji sarai, ita kuma ta juya ta maimaita.

"Baba, wai ya ce akwai wata guba da wutar itace ba ta ci."

"Ce masa na ji labarinta. Uwarki ma ta dame ni."

"Wai ya ce ko murhun tama zai ci ta."

 Sai na ji ya ajiye masaba, gudumarsa ta ƙira.

"Ce masa murhun tama ba juji ba ne. Ƙarfe ake haifa a cikinsa. Ubana bai taɓa sa ƙazanta a ciki ba, ko takalmi ba a zuwa kusa da shi. Murhun da aka hura ya mutu bai ba da ƙarfe ba abin kunya ne ga mai shi."

Na ji kamar in nutse. Na yi niyyar in yi godiya in zame, sai bakina ya ƙi. Na manta da matata, na manta da zana, na ba da labarin yarinyar hanyar Beri tun daga farko, yadda ƙafafunta suka leƙo daga tabarma da ƙunshin lalle bai gama gogewa ba. Matata ba ta maimaita wannan ba. 

Can ya yi gyaran murya.

"Ce masa ba zan taɓa murhun ubana ba. Sabo zan gina, in an gama in rushe shi, kuma kada wanda ya kira shi murhun tama a gabana. Sannan ki ce masa ni ba na hura wa mutum wuta yana tsaye da fensir a kunne. Shi zai yi zuga."

Muka zaɓi kan wani tudun marmara, nesa da kogi, nesa da rijiya, inda iska ke kaɗawa ta yi daji ba gari ba. Ya kira tsofaffin abokan aikinsa, mutanen da suka yi shekaru ba su taɓa yumɓun murhu ba, suka zo suna tsokanar juna da Kambarci, wai wane ya tsufa ba zai iya ɗaga ƙwarya ba. Suka gina abu kamar ƙaramin rumbu mai dogon wuya, ya fi mutum tsayi. Aka toya gawayin ƙirya, shi ne gawayin maƙera, aka tara tsibi.

Akwai abu guda da na riƙe daga makaranta. An yi ta ja mana kunne cewa kada a kuskura a haɗa irin wannan hoda da toka ko kanwa ko farar ƙasa, don suna kashe mata ƙarfi. To ni yanzu kashe ƙarfin nake nema. Na samo kanwa buhu guda daga wurin malamin dabbobi, matata ta bi gida-gida tana roƙon toka. Matan unguwa suka bayar suna guna-guni. Mahaifiyata kuwa ta ce ko tokar murhunta ba za ta shiga wannan ɓarna ba, ta kife ƙwarya a kai.

Na aika wa surukina, ta bakin matata dai, cewa in an zuba hodar ta sama za ta gudu da hayaƙi kafin wuta ta kama ta. Ya ce a gaya mini ya riga ya yi wannan tunanin. Ya huda wata ƙofa a gindin murhun, daidai inda wuta ke yin fari, ya sa aka karɓo tsagaggun 'yan tukwane daga wurin masu ginin tukunya. A cika tukunya da hoda da kanwa da toka, da shebur ba da hannu ba, a tura ta ciki da dogon ƙarfe, a toshe ƙofar da yumɓu. Duk abin da ya tashi daga cikinta sai ya ratsa gawayi mai ci tun daga ƙasa har sama kafin ya ga sarari.

Ranar gwaji muka fara da aka sallame asuba. Na zo da kakina a goge. Surukina ya dubi sama, ba ni ya duba ba, ya ce wa iska, "Mai riga ba ya zuga." Jama'a, na tuɓe riga a gaban surukina. Na zauna a ƙasa na rungumi zuga-zugi na fatar akuya, ƙyalle jiƙaƙƙe a hancina, na fara. Kafin rana ta ɗaga hannuwana sun yi ƙuraje, kafaɗuna kamar ba nawa ba. Tsofaffin nan da na raina suna karɓa suna waƙa, ni in na karɓa sai nishi. Ɗayansu ya ce, "Malam, ashe boko ba ya shiga damtse?" Aka kwashe da dariya, har na hangi gefen bakin surukina ya motsa.

Wutar ta tashi daga ja ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta yi wani fari da ido ba ya iya kallo. Murhun ya fara gurnani. Sai tsohon ya ɗaga hannu, aka tura tukunyar farko. Na tsaya can gefen da iska ke fitowa, ina jiran farin hayaƙin nan. Bai fito ba. Abin da ke bakin murhun kawai iska ce mai rawa saboda zafi. Da muka fasa gindin washegari, tukunyar ta narke ta haɗe da toka ta zama wani baƙin dunƙule mai ƙyalli, irin kashin maƙera. Na kai hanci a tsorace. Babu wari.

Amma hanci ba shaida ba ne, kuma na san Bature ba zai karɓa ba. Na daka dunƙulen ya yi laushi. Na samo wake mai ƙwari, wanda ba shi da wuyar samu a gidanmu, na raba a kwalba biyu. Ɗaya na barbaɗa mata ɗanyar hoda, ɗaya na zuba mata dakakken dunƙulen har ya rufe waken, na ɗaure bakunansu da ƙyalle. Da Bature ya dawo rangadi na ajiye masa su a kan tebur. A kwalbar farko ƙwarin duk sun mutu, ƙafafu a sama. A ta biyu kuwa suna ta hawa da sauka, suna cin wakensu hankali kwance.

Ni da aka koya wa kashe ƙwaro, ban taɓa murnar ganin ƙwaro da rai ba sai ranar. Wallahi kamar in sumbace su. Bature ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga, ya daɗe, sannan ya fashe da dariya har wuyansa ya ƙara ja.

"Malam, na ce babu tanderu a ƙasar nan. Na janye. Ka kai ni in gaida mai shi."

Ya ba da mota aka kwashe siton kaf. Ban bar ko tsumman buhu ba, har ƙasar daɓen na sa aka kankare, tabarmin da aka shimfiɗa a motar ma wuta suka shiga. Muka yi kwanaki muna abu guda: a hura da asuba, a tura tukwane ɗaya bayan ɗaya, a bari ta huce da la'asar, kowa ya yi wanka da sabulu a nan kan tudun kafin ya taɓa abinci. Mutanen gari suna taruwa can nesa inda muka ja musu layi, wasu na kallo, wasu na Allah wadai. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ashsha, dukiya tana ci da wuta."

A rana ta ƙarshe, da hantsi, saura 'yan tukwane kaɗan, ina kan zuga ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Sai na ga jama'a suna darewa. Wata mace ce ta tsallake layin tana hawowa tudun, da ƙullin tsumma a kan gammo. Tun daga tafiyar na gane ta. Mahaifiyata ce, wadda ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko kasuwa.

Na saki zuga-zugin na tashi. Ba ta dube ni ba. Ta wuce wurin surukina ta sauke ƙullin a gabansa, ta kwance. Gwangwanin madara ne babba, cike da farar hoda.

 Ina can ina gadin sito, ina yi wa gari wa'azi, ashe abin yana cikin gidana.

Ta ce, "Sannu da wuta, baban yarinya. Ga saura."

Ya ce, "Sannu da hawa, Inna. Tun yaushe?"

"Tun kafin a ba malamin gonarku makulli. Na tura shi ƙarƙashin rumbu ina jiran wake ya shigo." Ta gyara bakin zane. "Gindin gwangwanin ya yi tsatsa ban sani ba. Kazata mai 'ya'ya ta yi tono a wurin jiya. Yau da safe da tsintsiya na kwashe su, ita da 'yan tsakin duka."

Sai ta ƙara da cewa:

"Nan jikata take rarrafe. Nan take zama tana cin ƙasa, kullum sai na ƙwace a hannunta."

Ban san lokacin da na tambaya ba, da ƙarfi, a gaban kowa, ina yarinyar. Ta ce lafiyarta ƙalau, tana bayan uwarta tun jiya ba a sauke ta ba, kuma ta sa an kankare ƙasar wurin, ga ta nan a cikin tsumman. Sai a lokacin ta juyo ta dube ni, ba riga, jiki duk baƙin gawayi, hannu duk ƙuraje.

"To me kake tsaye kana kallona? Koma ka hura. In za a ƙona a ƙona da kyau."

Na koma na zauna. Ban taɓa zuga irin ta ranar ba, kuma ba wanda ya karɓe ni, don na ƙi saki. Hawaye da gumi suka haɗu a fuskata, na gode wa Allah da ba mai iya bambancewa. Surukina ya juye gwangwanin da ƙasar da tsumman a tukunya, ya zuba kanwa, ya tura da hannunsa, ya jefa gwangwanin a baya. Murhun ya yi gurnani ya haɗiye. Mahaifiyata tana tsaye ta rufe hanci da mayafi har aka toshe ƙofar.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Matan da ke bayan layi sun ga wadda ta hau, sun kuma ji abin da ta ce, don Inna ba ta iya magana a hankali ba. Kafin azahar sai ga wata da ƙullin ganye, ga wata da 'yar kwalba, ga wani dattijo da tsohuwar battar taba, kowa na sunkuyar da kai yana cewa wai ajiya aka ba shi. Ba mu tambayi kowa komai ba. Surukina ya sa aka ƙara gawayi, muka kai har rana ta yi ja. Wa'azina na wata da watanni bai fito da ko cokali ba, kazar Inna ta fito da na gari guda.

Da wuta ta mutu ya rushe murhun da hannunsa kamar yadda ya ce. Muka haƙa rami mai zurfi a cikin marmarar muka zuba baƙaƙen dunƙulen, wannan karon ba na tsoron a tone, don wanda ya tona dutse zai samu. Muna saukowa daga tudun, ina bayansa da takalmina a hannu, sai ya tsaya. Bai juyo ba, kuma matata ba ta wurin balle a ce da ita yake.

"Ka iya zuga," ya ce, ya ci gaba da tafiya.

An ba ni takardun yabo a rayuwar aiki, wasu ma ban san inda suke ba. Wannan kalma kuwa tana nan inda na ajiye ta.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya gina murhu a bayan gidansa. Mu a lokacin abin da muke da shi ke nan, kuma duk da ƙyallen hanci sai da na yi mako ina tari. Yanzu akwai masana da wuraren da aka gina don wannan aiki, su ya kamata a kai wa. Abin da na koya dai shi ne, guba ba ta ƙarewa don ka kawar da ita daga idonka. Ka binne a tone, ka zuba a ruwa a sha, ka ƙona sama-sama a shaƙa. Sai ka tsaya a kanta har ta daina zama abin da take. Kuma kafin ka je gadin siton hukuma, fara leƙa ƙarƙashin rumbun gidanku. Har yau in na ga galan ɗin maganin feshi an ɗauraye an zuba man gyaɗa a kasuwa, sai in tsaya in yi ta faɗa, jikokina suna ja na wai Kaka ya fara.

Waken shekarar nan kuwa, da toka da barkono Inna ta ajiye shi, irin yadda uwarta ta koya mata. Ƙwari suka ci rabonsu. Duk ranar da za a dafa sai ta zauna a tsakar gida da faifai tana tsince su tana mita, wai ga abin da boko ya jawo mata, ta haifi malamin gona amma ƙwaro ya fi ta cin wakenta.  In an sauke tukunya mu kewaye akushi, 'yata a cinyarta tana damƙar wake da hannu biyu tana turawa a baki, Inna na goge mata haɓa tana ci gaba da mitar. Muka cinye shi tas kafin bazara, da ɓulinsa da komai, kuma duk wanda ya zauna a bakin akushin nan ya tashi da ƙafarsa.